Rami Na Uku

Babana Jatau ba ya fita sai gari ya yi tsit,
sai karnukan Gangare sun gaji da haushi.
Ya tura amalanke, durom biyu, shebur mai guntuwar ƙota,
ya ɗaure hanci da tsohon rawanin kakana.
Masai ya cika a gidan wani,
an aiko yaro bayan magariba, yana raɗa,
kamar mai sayen maganin da ba a faɗin sunansa.

Da safe a ƙofar masallaci
hannuwa kan shige aljihu in ya matso.
Sanyin Jos ne, in ji su.
Ya san sanyi, ya san abin da ba sanyi ba.
Ya yi wa kowa sallama, ya wuce da hannunsa.

A makaranta sunana 'yar mai yasa.
Na yi kuka har littafin lissafi ya jiƙe.
Bai rarrashe ni ba.
Ranar Asabar ya ce, sa takalmi, biyo ni.

Muka bi ta bayan Naraguta,
inda masu haƙar kuza suka ƙwaƙule cikin ƙasa,
suka bar ta da kududdufai da jan marmara,
wurin da ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta tsiro.
Can ya haƙa ramuka uku.
Na farko sabo ne, ƙudaje na biki a kai.
Na biyu a lulluɓe da toka da busasshiyar ciyawa,
da kashin shanun Ja'e,
da na kajin Ngo Kaneng,
mai ba shi buhu biyar, ta karɓi kwandon karas ranar tono.
Na uku ya yi damina biyu yana barci.

Ya tura hannu cikin na ukun har gwiwa,
ya ɗebo, ya miƙo mini.
Na ja da baya.
Ya ce, shinshina.
Baƙi wuluk, yana warwarewa a tafi kamar dambu,
ƙamshinsa na ruwan farko in ya taɓa ƙasa.
Wata tana na ta harkarta a ciki,
ba ta da labarin abin da aka kira ni a aji.

Ya ce, gaggawa ke barin sa cuta,
haƙuri ke mai da shi abinci.
Takin buhu ya fi ƙarfin aljihuna,
kuma shuka yake ciyarwa, ya bar ƙasa da yunwa.
Wannan bashi ne, Talatu.
Abin da ciki ya ranta daga gona,
ni ne ɗan aiken da ke kai mata kayanta.
A nan kunya ɗaya muka sani,
wadda ake ja da garma.

Da rani muka yi ban-ruwa daga kududdufi.
Dankali ya tsaga kunyar,
kabeji ya naɗe, ya yi nauyi kamar kan ɗan maraƙi.
A Farin Gada na ga Alhaji Maikuɗi,
wanda aka yashe masa masai shekaru biyu baya,
yana jinjina kabejinmu a tafi:
kai, wannan ƙasa da albarka take!
Babana ya dubi gefe, ya danne dariya.
Da aka zo biya,
hannu ya fito daga aljihu.

Bara muka kai shi makwanci.
Da suka soma tura ƙasa, ban ji tsoro ba,
ya tafi wurin wadda ba ta taɓa ɓoye masa hannu ba.

Shebur ɗin na nan, na sa masa sabuwar ƙota.
Gobe da asuba zan buɗe na ukun.
Nasa ne na ƙarshe,
shi ya rufe shi da toka.